Riƙon Babba Yana Bukatar Ƙa'ida

Akwai wani aiki da a ke yi cikin birnin Zariya dare da rana, amma ba ya cikin littafin kowane ofis, ba ka kuwa jin an ambace shi ran da a ke karanta kasafin kuɗi. Aikin nan shi ne riƙon babba, watau mutum ya ɗauko baligi wanda ba ya iya riƙe kansa, ko don tsufa, ko makanta, ko shanyewar jiki, ko taɓin hankali, ya kawo shi gidansa ya ba shi ɗaki, su ci tare su sha tare har ran da Allah ya yi ikonsa. Riƙon yaro kowa ya san shi, yana kuma da al'adunsa. Riƙon babba kuwa ko suna sosai ba mu yi masa ba, sai ka ji an ce "wance tana wajen wane," shi ke nan.

Mun ɗauko zancen nan ne musamman saboda malaman makaranta da akawuna. Duk dangin da ke da mai albashi, in irin wannan nauyi ya taso, ƙofarsa a ke fara bugawa, don a ganinsu shi ne mai abin hannu a ƙarshen kowane wata. Ra'ayinmu shi ne, gidan mutane ya fi kowane gini na hukuma dacewa da gajiyayye. Amma fa alheri shi kaɗai ba ya riƙe wannan aiki shekara da shekaru. Sai an yi masa ƙa'ida: a san wanda a ke riƙo da mai riƙonsa, a taimaka wa mai riƙon da ɗan abin masarufi, a kuma riƙa leƙawa a ga yadda a ke ciki.

Waɗanda Suka Faɗa Tsakani

Duk wanda ya karanta Risala a zauren malaminsa, ko a Unguwar Juma ko a Kona, ya san iyakar waɗanda shari'a ta tilasta wa mutum ciyarwa bisa mazhabar Maliku. Su ne matarsa, da iyayensa biyu in matalauta ne, da 'ya'yansa har namiji ya balaga, mace ta tare a ɗakin miji. Ɗan da ya balaga da nakasar da ta hana shi nema, ciyarwarsa tana nan a wuyan uba. To, amma gwaggo fa? Kawu fa, da yayan da ya makance, da kishiyar uwa wadda ba ta haihu ba, da tsohon baran gida wanda ya ƙare ƙarfinsa yana yi wa iyayenmu hidima? Waɗannan alƙali ba zai ɗora wa kowa ciyar da su tilas ba. An bar su ga zumunci da tausayi, in waɗannan sun gaza, sai baitulmali.

A da zumunci yana iya ɗaukar nauyin, gama gidan gandu babba ne, hatsi yana rumbu, hannuwa kuma suna da yawa. Mata marasa haihuwa sun san dabarar tanadin tsufansu. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a ƙasar Zazzau cikin 1949 da 1950, aka buga shi 1954, ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan wasu, kamar yadda mata da yawa na zamaninta suka yi. Riƙon yaro a lokacin nan kamar ajiya ce: ka riƙe shi yana ƙarami, ya riƙe ka ka tsufa. Makafi da guragu da kutare kuma suna da sarakunansu, masu sanin wanda ya kwana da yunwa a cikinsu.

Yanzu fa a duba yadda birni ya koma. 'Ya'yan gida suna Kaduna da Abuja da Ikko wajen aiki. Manyan gidaje an raba su gado, kowa ya ja katanga a sashensa, zauruka da yawa sun zama kantuna. Hatsi awo a ke yi a kasuwa, tun kuwa da aka janye tallafin man fetur cikin watan Mayu 2023, farashin abinci da magani ya haura inda albashi bai bi shi ba. Ga kuma tsofaffin da hare-haren 'yan bindiga suka koro daga ƙauyuka, irin wanda aka yi a ƙasar Giwa cikin watan Maris 2022, sun zo sun raɓa da dangi na nesa. Fansho kuwa na wanda ya yi aikin albashi ne. Manomi da majemi da maɗinki da mai ƙosai, in ƙarfinsu ya ƙare, ba su da wata takardar da za su kai baitulmali a ba su wani abu.

Abin Da Katanga Ke Ɓoyewa

In an kawo wannan magana a majalisa, abin da a kan fara cewa shi ne a gina gidan gajiyayyu. Lalle tsarin mulkin Nijeriya na 1999, cikin jadawali na huɗu, ya lissafa kafa gidajen gajiyayyu da marasa galihu cikin ayyukan ƙaramar hukuma, wadda ta gaji En'e tun gyaran 1976. Ba mu ce irin wannan gida ba shi da amfani ba. Akwai wanda ciwonsa ya fi ƙarfin gida, akwai kuma wanda ba shi da kowa ko kaɗan. Amma a lura da abin da gini ke ci kafin tuwo ya kai bakin tsoho: fili, da katanga, da mai gadi, da kuku, da akawu, da mota. Sa'an nan tsohuwar da ta shekara saba'in tana jin kiran salla daga masallacin unguwarsu, ta san muryar kowace yarinya mai talla, in ka ɗauke ta ka kai bayan gari cikin baƙin fuskoki, ka ciyar da cikinta ne kawai, sauran rayuwarta ka bar shi a baya.

Masu taɓin hankali su ne abin ya fi yi wa muni. Likitocin wannan ciwo a Nijeriya duka 'yan ɗaruruwa ne, ga mutane fiye da miliyan 200. Dangi in sun gaji, sai su nemi inda za su ajiye mutum su huta. Mun ga ƙarshen wannan cikin watan Satumba 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane fiye da 300, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Wata na gaba aka sami irinsa a Daura da Katsina, har da nan Zariya. Galibin mutanen nan danginsu ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi. Ba duka ne mugaye ba, gajiya ce ta kai su, da rashin wata ƙofa da za su buga. An rufe gidajen, daidai ne. Amma wanda aka kwance wa mari, ina aka ce ya tafi? Gida ya koma, wajen mutanen nan da suka riga suka gaza, ba a ƙara musu kome ba.

Yadda Waɗansu Suka Yi

Akwai wani gari a ƙasar Beljiyam, sunansa Geel. Tun shekaru ɗari bakwai da suka wuce a ke kai masu taɓin hankali can neman waraka a wani coci. Da masu zuwa suka yi yawa har masaukin cocin ya kasa, sai mutanen gari suka riƙa saukar da su a gidajensu, waɗansu kuwa suka zauna ke nan har mutuwa. Cikin 1852 gwamnatin ƙasar ta karɓi ragamar abin, ta sa likitoci a kai. A 1938 mutanen da a ke riƙo a gidajen garin sun kai wajen 3,700. Ba a kiransu majiyyata, 'yan masauki a ke ce musu. Suna ci tare da masu gida, suna zuwa gona da kasuwa. Asibitin garin shi ke zaɓen gidan da ya dace da kowa, yana biyan mai riƙo ɗan alawus, ma'aikatan jinya suna zagayawa, in ciwo ya tashi a ɗauki mutum a kwantar, in ya lafa a maido shi ɗakinsa. Yau adadin ya ragu ƙwarai, ya koma ɗan kaɗan daga abin da ya ke a da, gama noma ya ja baya, miji da mata duka suna fita aiki. Wannan ma darasi ne gare mu: al'ada kome ƙarfinta, in hanyar cin abinci ta sake, sai an tallafe ta.

Kada wani ya ce wannan sai Turawa. Cikin 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya komo daga Ingila aka ba shi asibitin masu taɓin hankali na Aro, kusa da Abeokuta, ya tarar ba a gama ginin ba. Maimakon ya zauna jira, sai ya nemi shawarar shugabannin ƙauyukan da ke kewaye, suka yarda a saukar da majiyyata a gidajen mutane. Kowane majiyyaci yana zuwa da ɗan'uwa guda mai yi masa girki da wanki, a biya mai gida kuɗin ɗaki, da rana a je asibiti a karɓi magani, da dare a kwana cikin jama'a. Dabarar nan ta yi suna a duniya, shi kuwa Lambo daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙasarmu aka yi wannan, da ɗakuna irin namu.

A Ingila kuma akwai tsarin da su ke kira Shared Lives. Wanda ke so ya riƙi babba a gidansa sai ya nema, a binciki halinsa da gidansa wata da watanni, a koya masa aikin, sa'an nan wani kwamiti ya amince da shi. Ba a haɗa shi da kowa sai sun ziyarci juna sun ga jininsu ya haɗu. Ana biyansa, ana ba shi hutu, ba a kuwa yarda gida ɗaya ya riƙi fiye da mutum uku ba, don kada gida ya rikiɗe ya zama kurkuku ko kasuwa. In ka duba wuraren nan uku, abu ɗaya za ka gani: gida ne ke riƙo, amma ba a bar gidan shi kaɗai ba.

Kafin Ka Ce Na Ɗauka

To, malam, ga shi an taru a zauren babban wanku an ce kai za ka ɗauki gwaggo. Kafin kunya ta sa ka amsa, ga abubuwan da ya kamata ka auna.

Na farko, ka tambayi matarka, tambaya ta gaskiya. Kai za a yi wa godiya a masallaci, amma da ƙarfe bakwai ka tafi makaranta ko ofis. Ita ce za ta dama kunu, ta yi wanka, ta wanke zanen da aka ɓata, ta tashi tsakar dare in an kira. In gidan mata biyu ne, a zauna a raba aikin a fili tun farko, kada ya zama abin gori tsakaninsu. Riƙon da aka ɗora wa mace ba da yardarta ba, tsohuwar ce za ta sha haushinsa sa'ad da ba ka nan.

Na biyu, ka tambayi wanda za a riƙa. Nan ne riƙon babba ya rabu da na yaro. Yaro a kan ɗauke shi a yi masa tarbiyya yadda a ke so. Babba ya zo da halinsa da ya daɗe da shi, da lokacin barcinsa, da goronsa, da abokan hirarsa. Muddin yana da hankalinsa, shi ke da ikon cewa ga inda zai zauna. Ko mai taɓin hankali ma yana da lokatan da ya ke cikin natsuwa, a nemi bakinsa a lokacin. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan ba baƙo ba ne, zama ya zo yi, don haka ya kamata ya san ɗakinsa nasa ne, ba za a fitar da shi ran da aka yi baƙin biki ba.

Na uku, ka dubi ginin gidanka. Mace dai cikin gida za ta zauna tare da mata. Namiji baligi wanda ba muharramin matarka ba, wurinsa ɗakin ƙofar gida ne ko shigifa, kai da samarin gida ne kuwa za ku yi masa wanka da kai shi bayan gida. In ba ka da mai yin wannan, ka faɗa tun yanzu. A duba dokin ƙofa kada ya yi tsawo, makewayi ya zama kusa, rijiya a rufe ta, a sa fitila a hanya. Faɗuwa guda ta isa ta karya ƙugun tsoho, daga nan kuwa da wuya ya sake tashi.

Na huɗu, ka san ciwon. Kafin a kawo shi, ko cikin makon farko, a kai shi asibiti a auna jini da sukari, a rubuta maganinsa da lokatan sha. Wanda ke kwance ba ya iya juyawa, sai a riƙa juya shi kamar kowace awa biyu, in ba haka ba gyambo ya fito masa a baya da ɗuwawu. Mai farfaɗiya da mai taɓin hankali, yawancinsu in suna shan magani kullum ba fashi su kan zauna lafiya, yanke maganin ne ke ta da ciwon. Farfaɗiya kuma ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa jiki, kada a ware masa ƙwarya. Tsohuwar da ta fara mance sunayen jikokinta, tana fita da dare, tana cewa an sace mata kuɗi, gigin tsufa ne, ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Kada a bari yaran unguwa su kira ta mayya. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Shika, na ƙwaƙwalwa kuma yana Barnawa a Kaduna. A san hanyarsu tun ba a shiga ruɗani ba. Mari da turu kuwa ba magani ba ne ko kaɗan.

Na biyar, dukiya. Nan ne zumunci ya fi lalacewa. In wanda za ka riƙa yana da gona, ko gida, ko fansho, ko 'yan awaki, a kira mai unguwa da liman da mutum biyu daga dangi, a rubuta kome a takarda, kowa ya sa hannu. A rubuta abin da za a riƙa cirewa don abincinsa da maganinsa, da abin da kowane ɗan'uwa ya yi alkawarin kawowa a wata. Ku akawuna kun fi kowa sanin amfanin littafin shiga da fita. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubutawa, domin ran da ya cika, waɗanda ba su taɓa kawo ko sabulu ba su ne za su fara tambayar ina takardar gona. Ka kuma sani riƙo ba ya sa gado. In mai dukiya ya so ya saka maka, yana iya yin wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba, muddin kai ba magajinsa ba ne, yana cikin hankalinsa, gaban shaidu. Dukiyar wanda hankalinsa ya gushe kuwa amana ce, alƙali ke naɗa mai kula da ita.

Na shida ya shafe mu mu ma'aikatan ilmi. Kowane malami da ke kiran suna da safe ya san yadda a ke yi: yarinya mai ƙoƙari ta fara fashi ran Litinin da Laraba, sa'an nan ta ɓace ɗungum, in an bincika sai a ce tana jinyar kaka. Ba daidai ba ne a biya bashin tsoho da karatun yarinya. Yara su taimaka bayan an tashi daga makaranta, wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma in riƙon ba zai yiwu ba sai an cire wata daga aji, to, gidan nan bai isa riƙo ba.

In ka auna duka ka ga ba za ka iya ba, ka faɗi gaskiya gaban dangi, ka ɗauki abin da za ka iya, ko kuɗin magani ne ko awon wata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuwa ka ga za ka iya, ka ɗauka da sharaɗin hutu: a sami wani gida cikin dangi da zai karɓe shi mako biyu ko uku a shekara, matarka ta je ganin gida, ta yi barci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin Da Mu Ke Roƙon Hukuma

Dokoki dai ba su yi ƙaranci ba. Cikin watan Janairu 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa. Cikin Janairu 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu. Cikin Janairu 2023 kuma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, mai asali tun 1916. Duka suna da kyau a takarda. Amma matar da ke wanke tsohuwa a wani lungu na Kwarbai ko Kaura, yaya za a yi dokokin nan su iso ƙofar ɗakinta? Sai ta hannun waɗanda ke kusa da ita.

Ga shawararmu. Ƙaramar Hukumar Zariya, tare da Masarautar Zazzau, su fara gwaji a unguwa biyu ko uku cikin birni. Kowane mai unguwa ya san gidajen da a ke riƙon babba, ba sai an kawo masu bincike daga nesa ba. A rubuta su a rajista guda a ofishin jin daɗin jama'a. Ma'aikacin lafiya na asibitin unguwa ya riƙa zuwa sau ɗaya a wata, ya auna jini, ya duba fata, ya ga ko magani ya ƙare, ya kuma keɓe da wanda a ke riƙo ya ji ta bakinsa. Inda mata ne, mace ta je. Dattawanmu suna tuna zamanin duba-gari, da ya ke shiga gida gida yana leƙa randa. In an iya shiga gida don tsutsar sauro, an iya shiga don ɗan Adam, sai dai wannan karon da sallama da fara'a, ba da tara ba.

Sa'an nan a yanka wa mai riƙo ɗan alawus na wata, a ba shi magani kyauta ko da rangwame, a kuma koya wa matan gida aikin jinya na kwana biyu ko uku: yadda a ke ɗaga mutum ba a ji ciwon baya ba, yadda a ke ba wanda ya shanye abinci kada ya shaƙe. Ba sabon abu ba ne jiha ta ba tsofaffi kuɗi, Jihar Ekiti ta fara biyan tsofaffinta marasa galihu naira 5,000 a wata cikin 2011. Attajiranmu kuma da ke fitar da zakka, maimakon a tara jama'a a ƙofar gida ana turereniya, ga rajista nan ta matalautan da ba su iya fitowa layi. A ƙayyade kuma kada gida ɗaya ya riƙi fiye da mutum biyu ko uku waɗanda ba danginsa ba.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za a ce kuɗi yana ɓata lada. To, limami da malamin makaranta da ungozoma duka a kan ba su abin hannu, har mai tara zakka ma shari'a ta yanka masa rabo a cikinta, ba wanda ya ce ladansu ya zube. Alawus ɗin nan ba zai sa kowa ya yi arziki ba, sabulu ne da gawayi da kuɗin mota zuwa Shika. Za a ce waɗansu za su ɗauki tsofaffi don kwaɗayi. Gaskiya ne, za a samu. Amma yanzu ma akwai masu riƙe tsoho don fanshonsa ko gonarsa, ba mai ganinsu. Rajista da ziyara su ne za su tona su. Za a ce kuma rubuta suna tonon asirin gida ne, mutanen birni kuwa ba su son a san cikinsu. Wannan magana ce mai nauyi, shi ya sa rajistar za ta zama ta sirri, ba a liƙa ta a bango, ba a kuma tilasta wa kowa shiga. In mutane suka ga maƙwabcinsu ya shiga bai tozarta ba, har ya sami sauƙi, da kansu za su zo.

Akwai kuma wata ƙofa da tsarin nan zai buɗe. Cikin birni akwai zawarawa da dattawan mata masu ƙarfi a jika, 'ya'yansu sun watse, ɗakuna suna nan a rufe, su kuwa suna fama da abin cefane. A wani lungun ga tsohuwa ba ta da kowa. In akwai ofishin da zai haɗa su, bayan bincike da yardar juna, an kashe ƙishirwa biyu da moɗa guda, ba a kuwa aza ko tubali ɗaya ba.

Malamai da akawuna, ku ne ke rubuta takardun majalisa, ku ne ke zama sakatarorin ƙungiyoyin unguwa da kwamitocin masallaci. Ku ɗauki maganar nan ku kai inda a ke yanke shawara. Kafin nan kuwa, kowa ya lissafa gidajen da ke layinsu inda a ke riƙon babba, ya je ya gaishe su ran Juma'a, ya tambayi uwargida abin da ya fi damunta. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Allah ya ba masu riƙo haƙuri da lada, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, ya kuma ba mu masu riƙonmu in namu lokacin ya zo. Amin.